Abin ƙarawa a abincin burola: wanne ke gina kaza, wanne ke riƙe ƙarfin taki?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin burola da asuba a watan Janairu, bayan an kwana da tagogi a rufe da leda saboda sanyin hunturu, ya san warin nan mai yaji da ke dukan hanci har idanu su kawo ruwa. Amoniya ce. Asalinta kuwa waken suya ne da ƙuli-ƙulin da ka saya da tsada. Kaza ta ci, jikinta ya riƙe wani kaso, saura ya fita a kashi, sannan wani ɓangare na abin da ya fita ya bi iska. Kuɗi ɗaya ne, amma a wuri uku kake asararsa: a buhun abinci, a huhun kajin da ke shaƙar warin, da kuma a buhun takin da za ka sayar wa manomi.

Idan ka kai wannan kuka shagon kayan kaji a Kano ko Zariya ko Jos, za a jera maka ledoji da gwangwanaye, kowanne da alkawarinsa. Wannan na sa ƙiba, wancan na kashe wari, ga wani na gyara hanji. Mai kaji 500 ba zai iya sayen su duka ba, kuma bai kamata ba, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Wasunsu ma ba su da abin yi a ɗakin da mazubin ruwa ke yoyo.

Lissafin da ya kamata ka fara riƙewa

A duk kilo 6.25 na furotin akwai kilo 1 na naitirojin, wato sinadarin da ke ba taki ƙarfi, wanda kuma amoniya ke fitowa daga gare shi. Ɗauki burola ɗaya da ta cinye kilo 4.5 na abinci kafin ta kai kilo 2.5, abincin kuma in an haɗa sitata (na 'yan tsaki) da finisha (na ƙarshen kiwo) furotin ɗinsa kashi 20 cikin 100 ne. Ta ci giram 900 na furotin ke nan, wato giram 144 na naitirojin. Jikinta, har da gashi da ƙashi, ya riƙe kimanin giram 75. Kusan giram 70 ya faɗi ƙasa. In kajin 1,000 ne, kilo 70 ke nan. Buhun takin yuriya mai kilo 50 kuwa naitirojin kilo 23 ne a cikinsa. Ashe duk zubi ɗaya na kaji 1,000, buhu uku na yuriya ne ke zube a kan shimfiɗa.

Kaza ba ta fitsari daban. Farin nan da kake gani a saman kashinta shi ne fitsarinta, ana kiransa yurik asid, kuma mafi yawan naitirojin ɗin da ta fitar a cikinsa yake. Muddin ya bushe, yana nan zaune lafiya. Da ya samu danshi da ɗumi, bakteriyar da ke cikin shimfiɗa za su farfasa shi ya zama yuriya, daga nan ya zama amoniya. Idan shimfiɗar tana da ɗan tsami, wato ma'aunin pH bai kai 7 ba, amoniyar takan tsaya a cikin taki a matsayin gishirin da shuka ke sha. In ya haura 8 sai ta kama hanyar sama.

Masana kiwon kaji sun sa iyakar amoniya a ɗaki kashi 25 cikin miliyan na iska. A wani gwaji da ma'aikatar gona ta Amurka ta yi a jihar Misisifi, wanda aka wallafa a 2004, burolar da ta shaƙi kashi 50 cikin miliyan ta rasa kashi 6 cikin 100 na nauyinta na ƙarshe, wadda ta shaƙi 75 ta rasa kashi 9. Abin damuwar shi ne hancin mai kiwo yana sabawa. Yaron da ke kwana kusa da kaji zai rantse maka babu wari. Ka durƙusa ka kai fuskarka daidai tsayin kan kaza, a nan za ka ji abin da take sha dare da rana.

Ma'aunin da zan bi

Na farko, girma: shin kazar ta ƙara nauyi, ko ta kai nauyin da aka saba da abincin da bai kai na da ba? Na biyu, naitirojin, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin ƙofa biyu ce. Akwai abin da ke rage yawan naitirojin da ke fita daga kaza tun farko, akwai kuma abin da ke riƙe wanda ya riga ya fita don kada ya tashi. Na uku, kuɗi, kuma ba kuɗin leda ba, kuɗin da zai hau kan kowane tan na abinci: ka ninka yawan da ake sawa a tan da farashin kilo. Kayan nan kusan duka daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, saboda haka ka yi lissafin a ranar da za ka saya. Sai juriya ga zafinmu da danshin damina a ɗakin ajiya, sai sauƙin haɗawa ga wanda shebur ne injinsa, sai haɗari.

1. Rage furotin, a cike giɓin da amino asid

Kaza ba furotin take buƙata a dunƙule ba, tubalan da aka gina shi da su take buƙata, wato amino asid. A abincin masara da waken suya, wanda ke fara ƙarewa shi ne metiyonin, sai laisin, sai tiriyonin. Mai haɗa abincin da bai damu da wannan ba sai ya yi ta lafta waken suya har sai metiyonin ya isa. Kafin nan sauran tubalan sun yi yawa, hanta ta ƙone rarar, ta fita a matsayin farin kashi. Wanda ke amfani da ƙuli-ƙuli a madadin waken suya matsalarsa ta fi girma, don gyaɗa ba ta da wadatar laisin, ba ta da wadatar metiyonin.

Abin da gwaje-gwaje suka daɗe suna tabbatarwa shi ne, duk maki ɗaya da aka sauke a furotin, misali daga kashi 20 zuwa 19, naitirojin da ke fita a kashi yana raguwa da kimanin kashi 10 cikin 100. Koma kan lissafinmu: sauke abincin daga 20 zuwa 18, kazar za ta ci giram 130 maimakon 144, jikinta ya riƙe 75 ɗinsa, abin da zai faɗi ƙasa ya zama 55 maimakon kusan 70. Ɗaya cikin biyar ya tafi. Ga kuma wata riba da ba a cika faɗa ba: kazar da aka rage wa rarar furotin ba ta shan ruwa kamar da, kashinta ya fi kauri, shimfiɗa ta fi bushewa, gyambon tafin ƙafa ya ragu. A bazara, lokacin da zafin Kano da Sakkwato ke haura digiri 40, wannan na da muhimmanci ta wata fuskar, domin narkar da furotin ya fi narkar da mai ko sitaci haifar da zafi a jikin kaza.

Kuɗinsa fa? Don sauke maki biyu a tan ɗaya, za ka cire kimanin kilo 55 na garin waken suya ka maye da masara, sannan ka ƙara laisin wajen kilo 1.8, metiyonin rabin kilo, tiriyonin wajen giram 800, a kan wanda ke cikin haɗin tun asali. Kilo ɗaya na metiyonin ya ninka kilon waken suya sau da dama, amma kilo uku kacal ka ƙara gaba ɗaya, ka cire 55. In tazarar farashi tsakanin waken suya da masara tana da faɗi, abincin zai fi araha. In masara ta yi tashin gwauron zabo ta kusa kamo waken suya, ribar kuɗin takan shafe, a bar ka da ribar busasshiyar shimfiɗa. A cikin duk zaɓin da ke nan, wannan na cikin 'yan kaɗan da ke iya rage maka kuɗin abinci kai tsaye.

Wajen ajiya ba shi da rigima. Zafi bai cika yi masa illa ba, sai dai laisin na jan danshi ya dunƙule, don haka a ɗaure bakin buhu a ɗora shi kan katako.

Haɗarinsa biyu ne. Na ɗaya zarmewa: in ka sauke fiye da maki biyu zuwa uku da waɗannan ukun kaɗai, wasu tubalan kamar balin da ajinin da gilaisin za su fara ƙarewa, girma ya tsaya, kitse ya taru a ciki. 'Yan tsaki a kwana goma na farko kuwa ban ba da shawarar a taɓa furotin ɗinsu ba; a fara ragewa daga matakin tsakiya zuwa finisha. Na biyu awo: metiyonin in ya yi yawa yana kashe wa kaza sha'awar ci. Ba abin da za a auna da ido ko da murfin gwangwani ba ne, sai da sikeli mai nuna giram.

Wasu za su ce, to ai ni ina sayar da taki, me ya sa zan rage masa naitirojin? Tan ɗaya na garin waken suya naitirojin ɗinsa kimanin kilo 70 ne, daidai da buhu uku na yuriya. Je ka tambayi kuɗin tan na waken suya, ka tambayi kuɗin buhu uku na yuriya. Babu takin da ya kai wanda aka bi da shi ta cikin kaza tsada, kuma rarar da ka lafta ita ce ke fara tashi sama.

2. Enzayim

Waɗannan sinadarai ne masu taimakon narkewa, kuma kowanne da ƙofar da yake buɗewa. Faitez ya shiga kasuwa a 1991 a ƙasar Holan, lokacin da hukuma ta matsa wa masu kiwo lamba kan fosfaras da ke malala daga taki zuwa ruwa. Kusan kashi biyu cikin uku na fosfaras da ke cikin hatsi a ɗaure yake, kaza ba ta iya cire shi. Faitez ne ke kwance shi, sai ka rage garin ƙashi ko DCP, wato garin fosfaras da ake saya a ƙara a abinci. Wannan aikin nasa tabbatacce ne, kuma a nan yake biyan kuɗinsa. A fannin naitirojin kuwa taimakonsa kaɗan ne.

Zailanez ya fi amfani ga mai sa dusar alkama ko dusar masara da yawa. Dusa na sa abin da ke cikin hanji ya yi yauƙi, kashi ya riƙa manne wa kaza a gindi, shimfiɗa ta yi caɓi. Zailanez na tsinka wannan yauƙin. A abincin da masara da waken suya ne zalla, bambancin da zai kawo ƙarami ne. Furotiyez shi ne ke taɓa furotin kai tsaye, yana ƙara yawan wanda ke narkewa da ɗan kaso, amma ba za ka ga ribarsa a aljihu ba sai ka rage waken suya daidai da abin da ya kwance. In ka barbaɗa shi kawai a kan abincin da ya riga ya wadatu, kuɗi ka ƙara.

A kowane tan enzayim ba shi da tsada, don giram 50 zuwa 100 ake sawa na faitez, sauran ma ba su cika wuce 'yan ɗaruruwan giram ba. Wahalarsa ita ce wannan ƙanƙantar. Giram 100 a cikin kilo 1,000 ba ya gauraya da shebur kai tsaye. Sai ka fara cuɗa shi da kilo ɗaya na garin masara mai laushi a cikin roba, ka zuba wannan a kilo goma ka sake cuɗawa, sannan kilo goman ya shiga babban tuli. In ka tsallake wannan, wata kaza za ta ci rabon ɗari, ɗari su tashi ba komai. Rauninsa na biyu zafi. Ledar da ta yi watanni a shago mai rufin kwano ƙarfinta ya ragu ko da kwanan watanta bai ƙare ba, kuma injin da ke dunƙula abinci da tururi mai zafin digiri 80 ko fiye yana kashe wanda ba a yi shi don jure hakan ba.

3. Furobayotik da tsamin abinci

Furobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai da ake ba kaza don su mamaye hanji kafin masu cutarwa su samu wuri. Irin Bacillus subtilis ya fi dacewa da yanayinmu, don yana cikin wani kwanso mai tauri da ke jure zafi. Irin Lactobacillus, dangin wanda ke sa nono tsami, saurin mutuwa gare shi a ajiya, kuma ruwan da aka sa wa kulorin yana kashe shi. Tsamin abinci kuwa, irin su fomik da furofiyonik da butirik asid, yana hana hunhuna a abinci, yana rage wa miyagun bakteriya ƙarfi.

Sakamakonsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ɗakin da ke da cunkoso ko yawan zawo ana ganin bambanci. A ɗaki mai tsafta, sau da yawa sikeli ba ya nuna komai. Ta hanyar gyara hanji suke taɓa naitirojin: kazar da ba ta zawo ta fi narkar da abinci, shimfiɗarta ta fi bushewa. Kuɗinsu matsakaici ne zuwa mai tsada. Haɗari ga kaza kusan babu, haɗarin na aljihu ne, don ba ka da hanyar sanin ko abin da ke cikin ledar yana da rai. Ka duba lambar NAFDAC da kwanan wata, ka kuma duba inda mai shagon ke ajiye shi.

4. Yuka

Yucca schidigera tsiro ne na hamadar arewacin Meziko da kudu maso yammacin Amurka. Ana sa garinsa ko ruwansa kimanin giram 100 zuwa 125 a tan, yana kama amoniya a hanji da kuma cikin kashi. Wari yakan ragu, amma gwargwadon raguwar ya bambanta ƙwarai daga gwaji zuwa gwaji, kuma ba ya ƙara wa kaza girma sai ta hanyar gyara iskar da take shaƙa. Yana jure ajiya. Kilonsa na da tsada, abin sawar kaɗan ne. Ni a wurina maganin maƙwabta ne: mai kiwo a tsakiyar unguwa da ake kawo masa ƙorafi zai amfana da shi.

5. Ziyolait da gawayi

Ziyolait wani dutse ne mai ƙananan ramuka da ke damƙe amoniya ya riƙe ta, daga baya ya sake ta a hankali a gona. Tarayyar Turai ta amince a sa irin da ake kira kilinoftilolait har kashi 1 cikin 100 na abinci, wato kilo 10 a tan. Shi na ƙofa ta biyu ne: ba ya hana naitirojin fita daga kaza, yana riƙe shi ne a taki, yana kuma busar da kashi. Ba ya lalacewa ko ya shekara, kuma shebur ma ya isa a gauraya kilo goma. Aibinsa shi ne ba abinci ba ne. Duk kilon da ya shiga ya ture kilo ɗaya na masara ko waken suya, don haka in ya yi yawa burola za ta ci ta ƙoshi ba ta samu abin gina jiki ba. Sau da yawa barbaɗa shi a shimfiɗa ya fi sa shi a abinci ma'ana.

Gawayi kowa na da shi, shi ya sa ake yawan tambaya a kansa. Dakakken gawayi mai tsabta, kilo 5 zuwa 10 a tan, yana iya kama wasu gubobi ya daure kashi. Sai dai ba ya tantance abin da yake kamawa. Magani da bitamin ma kamawa yake, saboda haka ba a haɗa shi da lokacin ba da magani. A batun amoniya ba abin dogaro ba ne, don shi kansa gawayin yakan ɗaga pH.

Nan zan faɗi kuskuren da na taɓa yi. Wata shekara cikin marka, ruwa ya feso ta taga ya jiƙa gefe guda na ɗaki, aka ba ni shawara in zuba toka ta tsotse danshin. Na zuba bokiti biyu da yamma. Washegari da safe ban iya tsayawa a ɗakin ba, kajin da ke wannan gefen idanunsu a lumshe suna ta murza fuska a fiffike. Toka da farar ƙasa da kanwa duk ɗaga pH suke yi, su kori amoniya daga taki ta dawo iska. Abin da ya kamata in yi shi ne in kwashe jiƙaƙƙen wurin in zuba sabon ɓuntun shinkafa.

6. Antibayotik don ƙiba

Tun ƙarshen shekarun 1940 aka gano a Amurka cewa ɗan antibayotik kaɗan a abinci na sa kaji saurin girma. Suwidin ta hana wannan a 1986, Tarayyar Turai gaba ɗaya ta hana daga 1 ga Janairun 2006, Amurka ma daga 2017 ta daina barin a yi amfani da waɗanda ake yi wa mutane magani da su don ƙiba. Yana da araha, yana da sauƙi, yana kuma aiki a ɗaki mai ƙazanta. A ɗaki mai tsafta amfaninsa ya ragu sosai. A kan amoniya ba ya yin wani abin kirki.

Ban sa shi a jerin don a zaɓe shi ba. Ragowarsa na zama a nama in ba a kiyaye kwanakin janyewa ba, kuma bakteriyar da suka saba da shi suna bin takin nan zuwa fadamar latas da kabeji da tumatir da muke ci ɗanye. Ranar da yaro ya kwanta aka ba shi maganin ya ƙi ji, ba wanda zai tuna da ɗakin kaji. Kazar da ta kamu da cuta a yi mata magani da umarnin likitan dabbobi. Maganin rigakafin koksi, mai sa kashin jini, shi kuma daban ne, kada a ɗauke su abu ɗaya. Koksi na cikin manyan masu jiƙa shimfiɗa.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Girma | Naitirojin | Kuɗi a tan | Ajiya | Haɗawa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Rage furotin da amino asid | Yana nan yadda yake in an auna daidai | Raguwar fita, kimanin kashi 10 a kowane maki | Yana iya rage kuɗin abinci | Mai juriya | Sai da sikeli da lissafi | Zarmewa, kuskuren awo |
| Enzayim | Ƙari kaɗan, ya fi a abinci mai dusa | Raguwar fita kaɗan | Ƙasa | Zafi na rage masa ƙarfi | Mai wuya da shebur | Sayen wanda ya mutu |
| Furobayotik da tsami | Ya danganta da tsaftar ɗaki | Ta hanyar rage zawo | Matsakaici zuwa sama | Bacillus na jurewa, saura a'a | Matsakaici | Asarar kuɗi |
| Yuka | Kaɗan | Rage wari | Matsakaici | Mai juriya | Mai wuya da shebur | Ƙasa |
| Ziyolait | Babu ƙari sosai | Riƙewa a taki | Matsakaici | Ba ya lalacewa | Mai sauƙi | Tsarma abinci |
| Gawayi | Babu tabbas | Babu tabbas | Ƙasa ƙwarai | Ba ya lalacewa | Mai sauƙi | Kama magani da bitamin |
| Antibayotik | Ƙari a ɗaki mai ƙazanta | Kusan babu | Ƙasa | Matsakaici | Mai sauƙi | Babba, ga mutane |

Abin da ba a abinci yake ba, amma ya fi wasunsu aiki

Alif, wanda wasu ke kira alam, irin wanda ake tace ruwan famfo da shi. Wani masanin ƙasa mai suna Philip Moore, na ma'aikatar gona ta Amurka a jihar Akansas, shi ya yi fice da bincikensa tun shekarun 1990. Ana barbaɗa shi a shimfiɗa kafin a zuba 'yan tsaki, giram 45 zuwa 90 a kan kowace kaza, a cuɗa shi ciki don kada su tsattsaga. Yana saukar da pH, amoniya ta ragu ƙwarai na tsawon mako uku zuwa huɗu, takin kuma ya fito da naitirojin fiye da wanda ba a sa wa ba. A can suna maimaita shimfiɗa ɗaya zubi bayan zubi, shi ya sa yake musu amfani sosai. Mu da muka fi kwashewa bayan kowane zubi, ya fi dacewa da mai maimaita shimfiɗa. Takin supa ma, in an barbaɗa shi a tulin kashin kaji, yana taimakawa wajen riƙe naitirojin, ga fosfaras da ya ƙara.

Sai danshi, wanda gwajinsa kyauta ne. Damƙi shimfiɗar a hannunka ka matse. In ka buɗe ta ɗan haɗu sannan ta wargaje, tana daidai, wajen kashi 20 zuwa 25 na danshi. In ta zama curi kamar na fura, ta jiƙe, kuma babu ledar da za ta cece ka sai ka ɗaga mazuban ruwa daidai bayan kaza, ka toshe yoyo, ka buɗe leda ta sama ko da ana sanyi. Haka waken suyan da aka gasa a gida: in bai gasu ba yana hana furotin narkewa, kaji su yi ta zawo, in ya ƙone, laisin ɗinsa ya lalace.

Manoman rani na Kura da Kadawa da ke zuwa sayen kashin kaji sukan tura hannu cikin buhu su shinshina. Na sha jin ana cewa, «Alhaji, wannan da ƙarfinsa, ji yadda yake hawa kai.» Warin da ke hawa kan nan ƙarfin ne ke fita. Tulin da aka bari a fili rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, yana iya rasa kusan rabin naitirojin ɗinsa kafin ya isa gona. A tara shi a inuwa, a rufe, in an kai gona kuma a juya shi cikin ƙasa a ranar, kada a bar shi a sama.

Wanne ya dace da wa

In kina kiwon kaji 50 zuwa 200 a bayan gida kina sayen abincin kamfani na buhu, Hajiya, kada ki ƙara metiyonin ko enzayim a kai. Kamfanonin kirki sun riga sun sa, ƙari ɓarna ne. Ki sauya daga sitata zuwa na gaba a kan lokaci, kada ki riƙe su a sitata har mako huɗu da tunanin za su fi ƙiba. Kuɗinki ya tafi ga busasshen ɓuntu da mazubin ruwa mai kyau. In maƙwabta na ƙorafi, yuka.

In kana haɗa abincinka da kanka, kaji 500 zuwa sama, ka fara da amino asid da faitez. Ka nemi masanin abincin dabbobi ya zauna da kai kan haɗin, irin waɗanda ake samu a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ko sassan kimiyyar dabbobi na jami'o'i, ka je masa da ainihin kayan da kake amfani da su. In dusa na da yawa a haɗinka saboda tsadar masara, ƙara zailanez. In ƙuli-ƙuli kake sawa, laisin ya zama dole, kuma a damina ka haɗa da abin kama gubar hunhuna, don gyaɗa da masarar da ba su bushe ba gidan afalatoksin ne.

In zawo ke damun ka zubi bayan zubi kuma likita ya tabbatar ba koksi ba ne, ko kana son fita daga antibayotik, Bacillus tare da tsamin abinci ya cancanci gwaji.

In kai manomi ne da ke kai takin gonarka, ko takin na cikin abin da kake lissafin riba da shi, ka fi ba ƙofa ta biyu ƙarfi: ziyolait ko alif a shimfiɗa, supa a tuli, rumfa a kansa.

Ko wanne ka ɗauka, gani ya kori ji. Raba zubi ɗaya gida biyu da waya, 'yan tsaki iri ɗaya, rana ɗaya, gefe ɗaya da ƙarin, ɗayan babu. Abu ɗaya za ka sauya, ba biyu ba. Rubuta buhunan da kowane gefe ya ci da waɗanda suka mutu, ka auna kaji 30 daga kowane gefe duk mako, ka matse shimfiɗar kowanne a hannu. Ranar sayarwa ka raba kuɗin abincin kowane gefe, har da kuɗin ƙarin, da jimillar kilon kajin da ya fitar. Gefen da kilonsa ya fi araha shi za ka maimaita a zubi na gaba, sannan ka sake gwadawa in yanayi ya juya daga hunturu zuwa bazara.